WAIFA MAI ZUƘAR ISKA KO MAI LANTARKI: WACCE TA DACE DA TSOHUWAR MOTA?

Daga Wakilinmu na Arewa, Abuja

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Abuja zuwa Lakwaja da damina, ya san cewa ran direba da na fasinjansa yana rataye ne a kan wani ɗan ƙarfe mai roba wanda ke share gilashin gaba, watau waifa. Wannan ne ya sa na tsaya na kasa kunne da na tarar da gardama ta kaure a garejin kanikawa na Apo, a nan Abuja, a kan wata tsohuwar akori-kura mai shan fetur wadda wani dattijo ya gada. Waifarta irin ta da ce, mai zuƙar iska. Waɗansu suka ce a gyara ta, waɗansu kuwa suka ce a cire a sa mai lantarki.

Da yake da yawa daga cikin 'yan'uwanmu mazauna Agege da Sabon Ibadan da Fatakwal da mota suke neman abinci, na ga ya kamata in warware musu yadda abin yake.

Asalin abin

Wata Ba'amurkiya mai suna Mary Anderson ita ce ta yi rajistar waifa a 1903, amma tata da hannu ake juya ta. Bayan 1920 aka fara sa mai zuƙar iska, kamfanin Trico na Amurka kuwa shi ya cika duniya da ita. A 1926 kamfanin Bosch na Jamus ya fito da mai lantarki. Duk da haka, motocin Ford da Chevrolet da yawa sun ci gaba da fitowa da mai iska har bayan 1950, domin ta fi araha, kuma batirin wancan zamani mai bolt 6 ne, ba shi da ƙarfin ɗaukar kaya da yawa.

Yadda mai iska ke aiki

Injin fetur, in yana tafiya, zuƙar iska yake yi ta cikin kafireta. Sai a jawo wani siririn tiyo daga nan zuwa wani ɗan akwati a bakin gilashi. Zuƙar nan ita ke kaɗa wani faifai a cikin akwatin, dama da hagu, shi kuma ya kaɗa waifar. Ba ruwanta da batir, ba waya, ba fiyus.

To, amma ga inda gizo ke saƙa. Zuƙar tana da ƙarfi ne sa'ad da direba ya ɗaga ƙafa daga totur. Da zarar ya taka totur sosai, hanyar iska ta buɗe, ƙarfin zuƙar ya faɗi, sai waifar ta yi sanyi, wani lokaci ma ta tsaya cik. Watau a gangara sai ta yi ta rawar jiki, amma a kan hawa, ko sa'ad da kake ƙoƙarin wuce tirela, nan ne za ta yaudare ka. Mai karatu, ka duba: kana ɗauke da doya daga Kwali, kana hawan tudun Okene, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, gilashi ya rufe, ga mota tana tahowa. Allah ya kiyaye.

Masu ƙera mota sun san da wannan aibi. Shi ya sa waɗansu suka sa wani ɗan tanki mai ajiye zuƙar, waɗansu kuma suka yi famfon fetur mai aiki biyu, yana tura mai yana kuma taimakon waifa. Waɗannan suna rage matsalar, amma ba su kawar da ita duka a doguwar hawa.

Abin lura kuma, injin gas ba ya yin irin wannan zuƙa. Saboda haka masu gingimari irin Mercedes 911 ba su cikin wannan gardama, sai fa in an ɗaura wa injin famfon zuƙa na musamman.

Mai lantarki fa?

Ita ba ta san hawa ko gangara ba, gudunta ɗaya ne muddin batir da dinamo suna lafiya. Amma kafin a saya, a tabbatar da abu uku. Na ɗaya, ƙarfin wutar motar: bolt 6 ne, ko 12, ko 24 kamar na yawancin manyan motocin gas. In aka sa 'yar 12 a kan 24, ƙonewa za ta yi; in aka sa ta a kan 6, ja da ciki za ta yi. Na biyu, tsofaffin motocin Ingila da na Ford da dama, ƙafar batir mai alamar tarawa ce ake ɗaurawa a jikin mota, saɓanin na yanzu; mai haɗa waya ya duba wannan. Na uku, a gwada faɗin sharar, kada hannun waifar ya riƙa dukan bakin gilashi. Kada kuma a yarda a haɗa ba fiyus, domin gobara ba ta sallama.

Shawara

A ganina, motar da ke fita neman abinci, musamman a Kudu inda damina ta fi tamu tsawo, mai lantarki ce ta dace da ita. Wadda kuwa aka ajiye don tarihi, ba ta fita sai ran salla ko biki, a bar mata tata ta asali, a sake tiyo, a wanke akwatin a sa masa man shafawa, a ƙara tankin nan. Wanda ya canza kuma kada ya yar da tsohuwar, domin masu sha'awar tsofaffin motoci sun fi daraja wadda kayanta na asali ke nan.

Ko wacce aka zaɓa, a tuna rana da ƙurar hunturu suna cinye roba. A sake ta kafin ruwan farko, kada kuma a kunna waifa a kan busasshiyar ƙura, don tana karce gilashi. Jami'an kiyaye haɗurra, waɗanda aka kafa hukumarsu a 1988, suna duba wannan, amma ba don tsoronsu za a gyara ba. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kai kowa gida lafiya, amin.