Ƙananan Kaburburan Dareta

A Amurka, garuruwan da zinare ya tara wa jama'a, irin su Deadwood, sun bar makabartu masu alluna ɗauke da sunaye. Tamu makabartar zinaren tana Zamfara, kuma yawancin waɗanda ke kwance a cikinta ba su kai shekara biyar ba.

Agwagi ne suka fara mutuwa, ba wanda ya damu. Sai yara suka biyo baya: amai, zazzaɓi, shiɗewa, kafin a ankara rai ya yi halinsa. Aka yi ta ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, a banza. A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar MSF da ke bin sawun sanƙarau suka gano cewa abin ya wuce haka.

Kuɗin zinare ya tashi a duniya, manoman Anka da Bukkuyum suka jingine fartanya suka shiga rami. Dutsen da suke haƙowa cike yake da dalma mai guba. A buhu ake kawo shi gida, a daka a turmi, a kai injin niƙa irin na hatsi, a shanya garin a tsakar gida. Nan jariri yake rarrafe, ya dafa ƙasa, ya kai hannu baki. Uwa tana dakan dutse da goyo a baya, ƙura tana sauka a kan su biyun.

Binciken da aka yi a ƙauyukan Dareta da 'Yargalma ya nuna cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a shekara guda. Duk wanda ya taɓa raka gawar jariri makabarta ya san ƙanƙantar kabarin. To a waɗannan ƙauyukan jere suke sahu-sahu. Wasu iyayen har ɓoye mutuwar suke yi, don gudun kada hukuma ta hana haƙa. Ban ga laifinsu ba, talauci ne ya kai su.

Yara fiye da 400 suka tafi. An kankare ƙasar gidaje a ƙauyuka bakwai, aka zuba sabuwa, aka ba yara maganin fitar da gubar. Bagega kuwa, wadda ta fi su girma, sai da ta jira har 2013 kafin gwamnatin tarayya ta saki kuɗin aikin, yaranta suna ta shaƙar ƙurar. A 2015 gubar dalma ta sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, ta kashe yara 28.