Faɗuwar Suga ga Mai Ciwon Zuciya a Gadon Asibiti

Idan aka kwantar da mai ciwon zuciya a Babban Asibitin Gwarzo, ko aka ɗauko shi daga Kabo zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, hankalin 'yan uwa kan tafi ga haki da kumburin ƙafa. Kaɗan ne ke tuna cewa sugan jininsa na iya faɗuwa, alhali wannan kaɗai kan iya zama ajalinsa cikin dare.

Likitoci na cewa suga ta faɗi idan na'urar gwaji ta nuna ƙasa da 70, ko ƙasa da 3.9 a ɗaya ma'aunin. In ta gangaro ƙasa da 54, hatsari ya yi kusa.

Hanta ce rumbun suga a jikin ɗan Adam. Zuciyar da ta gaza tura jini kan sa ya taru a hanta har ta kumbura, sai rumbun ya kasa ba da abin da ake bukata. Hanji ma ya kumbura, abinci ya fita daga ran majinyaci. Ƙoda kuma ta yi rauni, saboda haka allurar insulin ko ƙwayar Daonil da mai ciwon suga ke sha su daɗe a jini fiye da ƙima. Wasu magungunan zuciya, irin su bisoprolol, sukan ɓoye bugun ƙirji da karkarwar da ke gargaɗi, sai zufa kaɗai ta rage. Suga na faɗuwa, bugun zuciya na iya rikicewa. Wani babban bincike na 2009, kan majinyata fiye da 6,000 a ɗakunan kulawa ta musamman, ya nuna cewa matsa suga ƙasa da ƙarfin tsiya na ƙara yawan mace-mace.

A asibitocinmu, mai jinya da ke shimfiɗe da tabarma a gefen gado shi ne kan fara gani. Kwanon tuwo na nan a rufe tun magariba, goshin majinyaci ya jiƙe da zufa mai sanyi, yana sambatu ko ya ƙi farkawa. Nan ne wasu ke cewa iska ce, wasu su ce barci ya samu. A kira nas maza, a ce, "Bai ci komai ba tun da aka yi masa allura, a gwada masa suga."

Idan yana cikin hayyacinsa, cokalin shayi uku zuwa huɗu na sukari a ɗan ruwa ya isa, a sake gwaji bayan minti 15. Idan ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, domin zai shaƙe. Ta jijiya ake ba shi suga.

Mai jinya, duk abincin da majinyacinka ya bari a kwano, ka sanar da nas kafin lokacin magani.