Fetur mai etanol da injin babur: bayani ga mai hawa da mai sayarwa

  

Wani matashi daga cikin masu kai saƙo a kan babur tsakanin Adjamé da Treichville ya tsayar da ni bayan sallar La'asar a babban masallacin Treichville. Ya ce: "Malam, babur ɗina ya fara tari yana mutuwa a kan gada, bakanike ya ce mai ne, wai akwai barasa a ciki. Shin da gaske ana zuba barasa a fetur? In kuwa ya zubo min a wando, zan yi salla da shi?" Tambaya biyu ce, ta inji da ta fiƙihu. Na zauna da makanikai na saurare su, na duba abin da masana suka tabbatar, domin bai kamata malami ya yanke hukunci a kan abin da bai san yadda yake ba.

Mu fara da injin. Yawancin baburan da 'yan'uwanmu ke nema da su ƙanana ne, masu cc 100 zuwa 125, iska ce ke sanyaya su, kuma kafireta ce ke gauraya musu mai da iska. Ma'aunin da fetur zalla yake buƙata ya ƙone sarai shi ne kusan kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai, bisa nauyi. Motocin zamani suna da na'urar da ke auna hayaƙi ta gyara wannan gauraye da kanta. Kafireta ba ta da wannan dabara: yadda aka saita ta haka za ta yi ta bayarwa, ko da man ya canza. Shi ya sa babur ke riga mota jin ciwon mummunan mai.

Etanol barasa ce da ake samu daga rake ko masara ko rogo, kuma ƙasashe da yawa suna zuba ta a fetur da gangan, bisa doka, da ma'auni sananne. Barazil ta soma shirinta tun 1975, man da ake sha a can yana ɗauke da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na etanol. A Amurka galibin fetur E10 ne, wato kashi 10 cikin 100, amma hukumar muhalli ta ƙasar ba ta yarda a zuba mai kashi 15 a babur ba. A Faransa ana rubuta E5 ko E10 ko E85 a jikin famfo, mai saye ya san abin da yake saye. Ku riƙe wannan, za mu dawo gare shi.

Etanol tana da amfani. Tana ɗaga abin da ake kira oktan, wato juriyar mai ga matsi kafin ya kama wuta. Man da oktan ɗinsa ya yi ƙasa yakan fashe kafin lokacinsa, sai ka ji inji yana ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, musamman in ka ɗauko kaya kana hawan tudu. Wannan ƙarar duka ce a kan fistin. Sai dai ƙarfin da ke cikin litar etanol ya gaza na litar fetur da kusan kashi ɗaya bisa uku, don haka mai E10 yana rage nisan tafiya da kimanin kashi 3 cikin 100. Kuma etanol tana ɗauke da iskar oksijin a jikinta, sai gaurayen da kafireta ke bayarwa ya zama iska ta yi yawa, mai ya yi kaɗan, inji ya ƙara zafi. A kashi 10 yawancin baburan yanzu suna jurewa. Idan ya wuce haka a injin da ba a ƙera shi domin hakan ba, sai a fara ganin fulogi ya yi fari fat, babur yana shaƙewa in an murɗa, tiyon roba da robobin kafireta na tsofaffin babura suna kumbura ko suna tsagewa.

Babban abin da ya shafe mu a Abijan shi ne ruwa. Fetur zalla ba ya haɗuwa da ruwa, etanol kuwa tana jawo shi, har daga iska. Garin nan yana tsakanin teku da tafkin Ébrié, iskarsa cike take da danshi kusan duk shekara, balle watan Yuni da ruwa ke sauka ba ƙaƙƙautawa. Litar E10 tana iya shanye ruwa kimanin ƙaramin cokali guda ba a gani. Da zarar ya wuce haka sai man ya rabu gida biyu: etanol da ruwa su kwanta a ƙasan tanki, fetur da ya rasa oktan ɗinsa ya taso sama. To daga ƙasan tanki babur yake sha. Nan ne tari da mutuwa a tsakiyar hanya suke farawa, nan ne tsatsa take cin tanki, garinta ya bi tiyo ya toshe ƙananan hujojin kafireta. Wanda yake hawa kullum yana ƙarar da mansa cikin kwana ɗaya ko biyu bai cika gamuwa da wannan ba. Wanda ya jingine babur da rabin tanki ya tafi Maradi ko Kano ganin gida, ko ya tafi Hajji, shi ne zai dawo ya tarar da aiki. Maganinsa kafin tafiya: a rufe famfon mai, a bar injin ya ƙone abin da ke cikin kafireta har ya mutu da kansa, a cika tanki domin kada a bar wa iska mai danshi wuri, in kuwa tafiyar ta watanni ce a juye man a yi amfani da shi.

Amma in gaya muku gaskiya, ba kowace matsala ce laifin etanol ba, bakanike kuma wani lokaci yakan jefa kalmar ne don ya huta da bincike. Abin da ya fi kashe injin talaka shi ne algus. Ana gauraya fetur da kananzir ko gas, dukansu ba su da oktan ɗin fetur kuma ba sa ƙonewa duka, sai su bar baƙin toka a fulogi, su gangara su tsinka baƙin mai, ringi ya cinye da wuri. Man kwalba na bakin titi, wanda mutanen Nijar ke kira ruwa-ruwa, ko da ba a yi masa algus ba ya sha rana, ya sha ƙura, sassansa masu saurin kamawa sun tashi. Kuma ɓarna ba ta tsaya ga ƙananan 'yan kasuwa ba. A watan Fabrairu na 2022 hukumomin Najeriya sun sanar cewa an shigo da fetur daga Antwerp ta Beljiyam mai ɗauke da metanol fiye da ƙima, ita kuwa ta fi etanol cin ƙarfe da roba, aka janye shi, layin mai ya ɗauki makonni. A 2016 ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta auna mai a ƙasashen Afirka takwas, har da Kwaddibuwa, ta tarar da sinadarin sulfa a wasu samfuran gas ya ninka abin da Turai ta yarda da shi sau ɗaruruwa. Bayan haka ne ministocin CEDEAO suka amince a Wagadugu, a Fabrairun 2020, kada sulfa ya wuce kashi 50 cikin miliyan. Sulfa yana zama tsami a cikin inji ya lalata baƙin mai, hayaƙinsa kuma mai babur ne ke fara shaƙa a cunkoson Adjamé.

Akwai gwaji mai sauƙi. Sami kwalbar gilashi doguwa siririya, zuba ruwa kashi ɗaya, ka yi alama a daidai inda ya tsaya, ka ƙara fetur kashi tara, ka rufe ka girgiza, ka ajiye minti biyar nesa da wuta da masu shan taba. Idan layin ruwan yana nan inda yake, babu barasa. Idan ya hau, ruwan ya jawo barasar da ke cikin man, kuma gwargwadon hawansa gwargwadon yawanta: in ya kusa ninkawa, kana wajen kashi 10. Gwajin ba ya bambance etanol da metanol. Shi kuwa kananzir, ɗiga man a farar takarda: fetur zai bushe ya tafi, mai algus zai bar tabon maiƙo.

Sai fiƙihu. Jumhurun malamai, har da mazhabarmu ta Malikiyya, suna ganin giya najasa ce. Rabi'a, malamin Imamu Malik, da Laisu ɗan Sa'ad da Muzani sun tafi a kan cewa shanta ne haramun, jikinta ba najasa ba ne. Etanol ta mai ba don sha aka yi ta ba, tun a masana'anta ake lalata ta da abin da zai hana shanta, sannan ta narke cikin fetur ta zama guba, babu mai hankalin da zai neme ta don maye. Abin da na rinjayar shi ne halal ne a saya, a sayar, a hau da shi, kuma wanda ya zubo masa a tufa sallarsa ta inganta. In ya wanke saboda wari kada ya cutar da sahu, ya kyauta, kuma ya fita daga saɓani.

Inda haramci yake shi ne ɓoyewa. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira yadda Manzon Allah (SAW) ya cusa hannunsa cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tuhumi mai shi don me bai ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, kuma ya barranta daga mai algus. Ku lura, bai hana shi sayar da jiƙaƙƙen abinci ba, bayyanawa ya nema. Wanda ya rubuta E10 a famfo ya bayyana. Wanda ya zuba kananzir ko ruwa ko barasa ya kira shi fetur zalla ya ɓoye aibi, mai saye yana da zaɓin mayarwa ya karɓi kuɗinsa, kuma idan ya tabbata man ne ya kashe injin, a ganina mai sayarwar da ya sani ya yi shiru shi ne zai biya gyara. Haka ma bakaniken da ya san datti ne kawai a kafireta ya ce sai an sauya fistin.

Shi kuwa matashin nan, da aka kwance tankinsa ruwa aka samu a ƙasa da jan tsatsa. Robar murfin tankin ta tsage tun bara, yana ajiye babur a waje ruwa yana dukansa. An wanke tanki, an hura kafireta, an sa sabon murfi, ya koma bakin aikinsa. Allah ne Mafi sani.