Shugabancin ɗiya mata: daga rumfar kasuwa ake fara koyonsa

Duk wanda ya saba shiga babbar kasuwar Maraɗi ko kasuwar Dole ta Damagaram ya san irin yarinyar nan ƴar shekara 12 ko 13 da uwarta ke bar wa rumfa idan ta tafi salla. Ta san kuɗin kowace tiya, tana mai da canji ba ta ɓatar da ko dala guda, in mai saye ya so yi mata wayo kuma ta tsaya kai da fata. Amma a kawo yarinyar nan gidan rediyon da nake aiki, a aza mata makirfo a gaba, a ce ta faɗi abin da take son zama, sai ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin hijabi. Na sha ganin haka a cikin shirin matasa. Basira da lissafi duk tana da su, sai dai ba a taɓa ba ta magana a gaban taro ba, ba a kuma taɓa ɗanƙa mata amanar jama'a ba.

Wannan matsala ba ta tsaya ga Nijar kaɗai ba. Ƙasashe da dama sun yi fama da ita, kuma inda aka ci nasara za a tarar hanyoyi uku aka bi: yarinya ta ga mace tana shugabanci da idonta, a bar ta a makaranta, sannan a ba ta wani abu ta riƙe tun tana ƙarama.

Gani ya kori ji

A shekara ta 1993 ƙasar Indiya ta yi wa tsarin mulkinta gyara, ta ware wa mata kashi ɗaya bisa uku na kujerun majalisun ƙauyuka, har da kujerar shugaban majalisa. Bayan shekaru, wasu masu bincike suka shiga ƙauyuka 495 na jahar Bengal ta Yamma, suka tattauna da yara masu shekara 11 zuwa 15 da iyayensu, suka fito da sakamakon a 2012. A ƙauyukan da mace ta yi shugabanci sau biyu, ƴan mata sun cim ma ƴan maza a karatu, lokacin da suke ɓatawa a aikin gida ya ragu, iyaye kuma sun fara yi wa ɗiyansu mata fatan karatu mai zurfi. Ganin mace zaune tana raba gardamar rijiya da hanya shi ya sauya tunanin yara da manya.

A nan yammacin Afirka, matan Laberiya sun ba da irin wannan misali. A 2003, lokacin da yaƙin basasa ya addabi ƙasar, Leymah Gbowee, wadda ke da shekara 17 sa'ad da yaƙin farko ya ɓarke a 1989, ta haɗa kan mata Musulmi da Kirista. Suka sa fararen tufafi suka riƙa zama kusa da kasuwar kifi ta birnin Monrobiya, rana da ruwa, suna neman a daina yaƙi. Da aka buɗe shawarwari a Akara ta ƙasar Gana suka bi can, suka tare ƙofar zauren taro don kada wakilai su fita ba tare da matsaya ba. A watan Agusta na shekarar aka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya. A 2005 kuma matan kasuwa suka bi rumfa rumfa suna kiran ƴan uwansu su yi rajistar zaɓe, aka zaɓi Ellen Johnson Sirleaf, mace ta farko da jama'a suka zaɓa shugabar ƙasa a Afirka. Su biyun sun samu kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2011.

Wadda aka taimaka wa ita ke taimako

A kudancin Afirka, ta ƙofar makaranta aka shiga. Ƙungiyar Camfed ta fara aiki a Zimbabuwe a 1993 da biyan kuɗin karatun ƴan mata 32 ɗiyan talakawa. A 1998 waɗanda suka gama suka kafa ƙungiyarsu ta tsoffin ɗalibai, inda suke komawa makarantun ƙauyukansu suna jan ƙannensu a jiki, wasu ma suna biya wa wasu yaran kuɗin makaranta daga aljihunsu. Ɗaya daga cikin ƴan matan farko da aka ɗauki nauyinsu, Angeline Murimirwa, ta kai ga shugabancin ƙungiyar baki ɗaya a 2023.

Dubarar da ta tashi daga Maraɗi

Hanya ta uku kuwa, wato ba mace amana ta riƙe, duniya a wurinmu ta koye ta. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a jahar Maraɗi, ta ɗora shi bisa adashen da iyayenmu suka saba. Mata 20 zuwa 30 su haɗu kowane mako, kowa ta zuba abin da aka tsai da, a ba mai bukata rance, a raba abin da ya taru a ƙarshen zagaye. Akwai shugaba, da ma'aji, da masu ƙirga kuɗi a bainar kowa, akwatin kuma makullansa na hannun mata dabam-dabam, ba mai iya buɗe shi ita kaɗai. A cikin wannan zama mace ke koyon buɗe taro, da tsawata wa mai makara, da sasanta rikicin bashi, da ba da lissafi ba tare da muryarta ta yi rawa ba. Da aka zo zaɓen ƙananan hukumomi na 2004, matan waɗannan ƙungiyoyi sun tsaya takara, wasu sun ci kujerun kansiloli. Tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka, har Asiya da kudancin Amurka.

A shekarar da aka fara shi, ranar 13 ga watan Mayu 1991, matan Yamai suka yi jerin gwano saboda mace guda kaɗai aka sa cikin kwamitin shirya babban taron ƙasa. Aka ƙara musu kujeru, daga baya ranar ta zama ranar matan Nijar. A shekara ta 2000 aka kafa dokar da ta ware wa mata aƙalla kashi 10 cikin 100 na kujerun zaɓe, aka ɗaga shi zuwa 15 a 2014, sannan 25 a 2019. To amma doka kujera take bayarwa. Wadda za ta zauna a kai ta yi magana da hujja, a gida da makaranta ake shirya ta, kuma nan ne gizo ke saƙa: binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na ɗiya mata a Nijar ana aurar da su kafin su cika shekara 18. Yarinyar da aka cire daga aji tana da shekara 13, da wuya ta iya karanta takardar kasafin kuɗin gundumarta.

Abin da ke hannunmu

Wasu iyaye na tsoron cewa yarinyar da ta saba magana a taro za ta rasa kunya. Tarihin ƙasar Hausa bai goyi bayan wannan tsoro ba. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta horar da jajis, mata masu jagorancin ƴan taru da ke kai ilimi ƙauye ƙauye, kuma mutuncinsu shi ya sa ake sauraronsu.

Saboda haka Hajiya, ranar zubin adashe ki tafi da ɗiyarki, ki bar ta ta ƙirga kuɗin da ƙarfi gaban kowa, ta rubuta a littafi. Idan dillali ya zo, bar ta ta yi cinikin kina gefe, in ta yi kuskure ki gyara mata bayan ya tafi. Alhaji, in za ka tambayi ɗanka shawarar kayan da za a saro, ka tambayi ƴar'uwarsa, ka kuma saurare ta har ta kai ƙarshen zancenta. Ƙungiyoyin ƴan kasuwa na iya buɗe ƙaramin asusu na ƴan mata, su zaɓi shugabarsu da ma'ajinsu da kansu, ko da dala ashirin ce zubin mako. Talla kuma a tsara ta bayan an taso daga makaranta, kada ta ci lokacin aji.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yarinyar da a yau ta riƙe makullin akwatin jika biyar ta kuma ba da lissafinsa daidai, ba za ta firgita ba ranar da matan unguwa suka ce ita za ta je ofishin magajin gari ta yi magana a madadinsu.