Gordie Howe, Mai Gwiwar Hannu Ta Ƙarfe

Daren 28 ga Maris, 1950, ƙungiyar Detroit Red Wings ta karɓi baƙuncin Toronto Maple Leafs a wasan neman Kofin Stanley, babban kofin hokin ƙanƙara a Amurka da Kanada. Wasa ne da ake yi a kan daskararren ruwa. 'Yan wasa na sa takalma masu kaifin ƙarfe a ƙasa, suna sulu da gudu, suna korar wani ɗan faifan roba mai tauri da sanda, kuma doka ta yarda ka bangaje abokin karawarka da kafaɗa. Wani matashi ɗan gefen dama na Detroit, Gordie Howe, ya taho da ƙarfinsa zai bangaji kyaftin ɗin Toronto, Ted Kennedy. Bai same shi daidai ba, ya zarce ya gwara kai da katangar katakon da ta kewaye filin. Ƙoƙon kansa ya tsage, hanci da ƙashin kumatu suka karye. A daren likitoci suka huda kan don rage matsin da ke danne masa ƙwaƙwalwa. Saura kwana uku ya cika shekara 22, kuma mutane da yawa sun fidda rai.

Kakar da ta biyo baya ya dawo fili, ya fi kowa maki a NHL, gasar da ƙungiyoyinta ke neman Kofin Stanley, maki 86. Abin da raunin ya bar masa shi ne yawan ƙifta ido, har abokan wasa suka laƙaba masa suna Blinky.

An haife shi a 1928 a Floral, lardin Saskatchewan na Kanada, cikin 'ya'ya tara, ya tashi a Saskatoon lokacin da tattalin arzikin duniya ya durƙushe. Wata maƙwabciya da talauci ya ci ƙarfinta ta kawo buhun tarkace, mahaifiyarsa ta saya don ta taimaka mata. Da aka zazzage buhun sai ga takalman ƙanƙara. Shi da 'yar'uwarsa Edna suka raba, kowa ƙafa ɗaya, suka fita suna ɗingishi a kan ƙanƙara. Karatu ya ba shi wuya, amma aikin gini da yake yi tare da mahaifinsa ya gina masa kafaɗu da damatsa. Yana shekara 18, a Oktoban 1946, ya buga wa Detroit wasansa na farko, ya kuma ci a ranar. Lamba 17 ya fara sawa, ya koma lamba 9 saboda masu ƙananan lambobi ne ake ba gadon ƙasa a jirgin ƙasan da ƙungiya ke tafiya da shi.

Howe yana buga faifai da hannun dama, yana bugawa da na hagu, abin da ba kasafai ake samu ba. Amma abin da abokan karawa suka fi tunawa shi ne gwiwar hannunsa. Idan ka matse shi a lungun fili, kafin alƙalin wasa ya waiwayo ka sha ta a haƙarƙari ko a baki. Ba ya mantuwa kuma. Wanda ya cuce shi yau, ko bayan wata nawa ne, zai karɓi sakamako. Ba na ganin wannan abin yabo ne gaba ɗaya, domin akwai waɗanda ya ji wa ciwo na gaske. Sai dai a zamanin da ake wasa ba hular kwano, tauraron da bai iya kare kansa ba ba ya daɗewa. A Fabrairun 1959, a Madison Square Garden na New York, Lou Fontinato, wanda ake tsoro a ƙungiyar Rangers, ya taso masa. Howe ya damƙe rigarsa da hannu ɗaya, ya dinga kai masa naushi da ɗayan har hancinsa ya karkace. Mujallar Life ta buga hoton Fontinato fuska naɗe da bandeji. Daga ranar masu neman sa da faɗa suka ragu ƙwarai.

Kofin Stanley huɗu ya ci da Detroit, sau shida yana zama gwarzon gasa, shekara 20 a jere bai fita daga biyar na farko a yawan maki ba.

Abin da ya fi taɓa ni a labarinsa shi ne yadda wannan mutum, da ƙarti ke kauce wa a fili, ya zama mai kunya da kawaici a gaban shugabannin ƙungiya. Shekara da shekaru yana sa hannu a kan abin da aka miƙa masa, da yaƙinin cewa shi ne mafi albashi. Sai a 1968 wani sabon abokin wasa, Bobby Baun, ya zaunar da shi ya faɗa masa gaskiya: dala 45,000 da ake ba shi ba ta kai abin da Baun ɗin kansa ke karɓa ba. Da ya je ya yi magana aka mayar da albashin dala 100,000. Ashe tambaya ce kawai bai taɓa yi ba. A kakar nan, yana shekara 40, ya tara maki 103, mafi yawa a rayuwarsa ta NHL.

Ciwon gaɓoɓi a wuyan hannu ya sa ya yi ritaya a 1971. Bayan shekara biyu, ƙungiyar Houston Aeros ta sabuwar gasar WHA ta ɗauki 'ya'yansa biyu, Mark da Marty, matarsa Colleen tana jagorantar cinikin. Uban ya ce shi ma zai shiga. Aka yi masa tiyata a hannu, ya koma fili yana shekara 45, ya tara maki 100, aka zaɓe shi gwarzon gasa, suka ci kofi a 1974 da 1975. Duk wanda ya taɓa ɗaya daga cikin yaran, ya san da tsohon zai gamu.

A kakar 1979 zuwa 1980 ya dawo NHL da Hartford Whalers, ya buga dukkan wasanni 80, ya ci 15, ya ajiye sanda yana shekara 52. Jimillar cinsa a NHL 801, tarihin da ya tsaya har 1994, lokacin da Wayne Gretzky, wanda ya taso yana kwaikwayonsa, ya wuce shi. Howe ya rasu ranar 10 ga Yuni, 2016, yana shekara 88, aka kai gawarsa filin wasa na Joe Louis a Detroit, dubban mutane suka yi layi tun safe har dare suna yi masa ban kwana.