Na'ura Ba Ta San Wasan Taubasai Ba

Duk wanda ya san ƙasar Guri ya san cewa da ruwan kogin Haɗejiya ya fara janyewa daga fadama, manomi da makiyayi da masunci kan haɗu a wuri guda, kowa da haƙƙin da yake ganin nasa ne. A irin wannan yanayi, magana ɗaya da aka watsa a waya tana iya tayar da wutar da dagaci da hakimi za su kwana suna kashewa. To, wa ke tace wannan magana kafin ta yaɗu? A yau, galibin aikin yana hannun ƙirƙirarriyar basira, wato manhajar kwamfuta da aka ciyar da miliyoyin jimloli domin ta koyi rarrabe kalaman ƙiyayya da hirar yau da kullum.

A matsayina na mai nazarin harshe, damuwata ita ce na'urar nan tana kuskure ta fuska biyu. Fulani da Barebari abokan wasa ne tun kaka da kakanni. Bafulatani zai ce wa Babarbare bawansa ne, a yi dariya a watse, zumunci ya ƙara ƙarfi. Na'urar da ta ga kalmar "bawa" za ta iya goge rubutun ko ta rufe shafin mai shi. Amma wanda ya rubuta cewa an ga baƙi a fadama, kowa ya kwana da shiri, bai faɗi kalmar zagi ko ɗaya ba, alhali ɗan gari ya san inda maganar ta dosa. Habaici da zambo da gugar zana ba a kalma suke ba, suna cikin sanin wanda ya faɗa da wanda aka nufa.

Rubutun ma kansa tarko ne. Ba ma nuna karin sauti ko tsawon wasali, shi ya sa "fari" na launi da "fari" na rashin ruwan sama suke kama ɗaya. Masu waya da yawa ba sa sa ƙugiya, sai "ƙasa" ta koma "kasa". Ga kuma Badanci da ake ji a Guri, harshen da marigayi Farfesa Russell Schuh ya yi shekaru yana nazarinsa tare da 'yan ƙasar Bade, amma rubutunsa a intanet bai taka kara ya karya ba. Saƙon murya na WhatsApp kuwa a kulle yake, kamfanin ma ba ya jin abin da ke ciki.

Wannan ba hasashe ba ne. A 2018 binciken BBC ya nuna yadda hotunan ƙarya a Facebook suka rura rikicin jihar Filato, lokacin da masu tantance labarai huɗu kacal ke kula da Nijeriya baki ɗaya. A 2021 takardun da Frances Haugen ta fitar sun nuna kashi 87 cikin 100 na kasafin kamfanin na tantance labaran ƙarya Amurka ya tafi, sauran duniya ta raba kashi 13.

Alhamdu lillahi, namu ba su naɗe hannu ba. Aikin NaijaSenti na 2022, wanda masana daga Jami'ar Bayero suka taka rawa a cikinsa, ya tattara dubban saƙonnin Twitter na Hausa da mutane suka tantance da hannu, sannan AfriHate ya biyo baya a 2025 kan kalaman ƙiyayya a harsunan Afirka 15. A 2022 kuma hukumar NITDA, ƙarƙashin Kashifu Inuwa Abdullahi, ɗan Haɗejiya, ta fitar da ƙa'idojin aiki ga manyan kamfanonin sada zumunta.

Abin da ya rage shi ne a tilasta wa kamfanonin su bayyana mutum nawa suka ɗauka masu jin Hausa da Fulatanci da Barbarci, su kuma buɗe ƙofar ɗaukaka ƙara da harshen mai ƙorafi. Sassan nazarin harsuna na jami'o'inmu, har da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa, su tura ɗalibai kasuwanni da mashigin ruwa su tattaro maganar mutane yadda take. Na'ura ta yi tankaɗen farko, amma hukunci ya zauna a hannun wanda ya san bambancin wasa da barazana. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.