Rashin Barcin Mai Barin Ƙwaya

Ya kai mai gida, in kana da ɗa ko ƙane wanda ya faɗa shan ƙwaya ko wiwi ko giya, to, ka lura da barcinsa. Mu ma'aikatan ɗakin magani, in an kawo mana irinsu, abin da mukan fara tambaya shi ne, yaya yake kwana?

Baligi yana bukatar barcin awa 7 zuwa 9 kowane dare. Wanda ya daɗe bai samu ba, sai ka ga ya cika fushi da mantuwa da baƙin ciki. In abin ya tsananta har yakan ji muryoyi, jama'a su ce iskoki ne.

Kayan maye kuwa ɓata barci suke yi. Burkutu takan kwantar da mutum da wuri, amma tsakar dare sai ya farka. Haka tiramol da samari ke haɗiya don noma, da maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin Nijeriya ta hana yinsa da shigo da shi a 2018. Nauyin jiki suke sawa, ba hutu ba.

Ga inda aka fi yin kuskure. Ran da yaro ya tuba ya bari, barci sai ya ƙaurace masa. Ya yi ta juyi, ƙafafu na ciwo, gumi na zuba. Mai barin wiwi kuma yakan yi munanan mafarkai. Ciwon jikin yakan lafa cikin mako ɗaya ko biyu, amma barci yakan yi makonni, wani ma watanni, kafin ya daidaita. A cikin waɗannan darare ne da yawa ke komawa ruwa. Ba taurin kai ba ne, jiki ne ke neman abin da ya saba. Ka gaya masa haka tun kafin ya fara, don kada ya tsorata.

Ka taimake shi. Ya tashi da asuba kullum, ko da bai runtsa ba. Ya yi aiki da rana, kada ya yi dogon barcin azahar. Goro da shayi da taba, a ajiye su daga la'asar. Wani ɗan'uwa ya riƙa kwana ɗaki ɗaya da shi.

Kada ka sayo masa ƙwayar barci a kasuwa, ita ma kama mutum take yi. Wanda kuma ya daɗe yana shan giya da yawa ko ƙwayar barci, kada ya yanke farat ɗaya, yana iya faɗuwa kamar mai farfaɗiya. Sai da likita.

In ya kwana uku bai runtsa ba, ko yana sambatu, ko ya ce ya gaji da duniya, kada a sa masa mari, kada a doke shi. A kawo shi ɗakin magani ran nan. In ya fi ƙarfinmu, mu rubuta muku takarda zuwa asibitin ƙwaƙwalwa, irin na Barnawa a Kaduna, ko Kware a Jihar Sakkwato, ko Dawanau a Kano.